Na gyara hoton amarya ya yi kyau a kwamfuta, da aka wanke fuskar ta yi duhu kamar ba ita ba

Abba, Kano: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ina neman taimako, don raina a jagule yake tun jiya. Ranar Asabar ɗin da ta wuce na ɗauki hotunan dinar wata amarya, kuma shi ne babban aiki na farko da na riƙe ni kaɗai tun da maigidana ya yaye ni. Na zaɓi hoto ɗaya da za a saka a babban firem, inci 16 a 20, na kwana biyu ina gyara shi. A kwamfutata ya fito tas. Da na karɓo daga wurin wanki sai na ga abu uku: fuskar ta yi duhu, jan leshinta ya koma kalar ƙasa, fatar kuma ta yi santsi kamar ta 'yar tsana. Yayar amarya da ta gani cewa ta yi wannan ba ƙanwarta ba ce. Mahaifiyarsu kuma ta ce duhun ne matsalar, in ƙara mata haske kawai. Ranar Juma'a suke so. Daga ina zan fara?

Nura mai wanki: Wa alaikumus salam. Kafin kowa ya ce komai, ta yaya ka tura wa mai wankin? A filas, wato 'yar ma'ajiyar nan ta USB, ka kai masa ko ta waya?

Abba, Kano: Ta WhatsApp na tura, yaya Nura.

Nura mai wanki: A matsayin hoto ko a matsayin fayil?

Abba, Kano: Hoto. Yadda ake tura kowane hoto.

Nura mai wanki: To ga guda ɗaya mun kama. In ka tura ta hanyar da aka saba, ana matse hoton ne don ya yi saurin tafiya, dogon gefensa ya dawo wajen fiksel 1600, wato ƙananan ɗigogin da ke haɗa hoto. Kai kuma inci 20 kake so. Raba 1600 gida 20, ka samu fiksel 80 a kowane inci. Mu kuwa 300 muke so, in an matsa 200 ma ta wadatar a babban firem tunda ba a manna ido a jikinsa. Inci 16 a 20 a kan 300 yana cin 4800 a 6000. Kamara mai megafiksel 24 tana ba ka 6000 a 4000, ka ga kana kusa ƙwarai, amma ka zubar da mafi yawansa a hanya. Wani ɓangare na santsin da kake gani daga nan ya fito, don ƙananan ramukan fata su ne farkon abin da matsewa ke cinyewa. Nan gaba ka danna alamar maƙala, ka zaɓi Document, ko ka taka da ƙafarka ka kai a filas.

Anti Hauwa, Kaduna: Nura ya faɗi gaskiya, amma ban yarda matsewa ce kaɗai ta mai da yarinyar mutane roba ba. Abba, turo mana na asali da wanda ka gyara, ka yanke iya kumatu da wuya, kada ka saka mana fuskarta gaba ɗaya ba da izininta ba.

Abba, Kano: Ga su nan, Anti.

Anti Hauwa, Kaduna: Na gani. Ƙanena, ka yi aikin raba fata gida biyu ne ko? Wato hoton ya zama shimfiɗa biyu da muke kira leya, leyar launi a ƙasa, leyar ramukan fata a sama?

Abba, Kano: Eh, shi na koya a bidiyo.

Anti Hauwa, Kaduna: Hanyar ba ta da laifi, hannunka ne ya yi nauyi. Ka dubi gefen hancinta a na asali: akwai inuwa siririya da ta sauko zuwa gefen baki, akwai wata a ƙarƙashin ƙashin kumatu. Waɗannan inuwoyin su ne siffar fuskar. Kai da ka hau leyar ƙasa da burushi ka gauraya su da hasken goshi, sai fuska ta zama faifai. Shi ya sa yayarta ta ce ba ita ba ce. Ɗan'uwa ba da ƙuraje yake gane ɗan'uwansa ba, da tudu da kwarin fuska yake ganewa, ko da shi kansa bai san haka ba.

Ga yadda nake yi ni. Na farko, sabuwar leya babu komai a kanta, in ɗauki Healing Brush ƙarami, daidai girman ƙurjin, in cire su ɗaya bayan ɗaya. Na biyu, leya biyu na Curves, ɗaya na ƙara haske ɗaya na ragewa, dukansu a rufe da baƙin mayafi, wato mask da ke ɓoye aikin leya sai inda aka shafa fari, in riƙa shafawa da farin burushi mai laushi, ƙarfin zubarsa kashi 1 zuwa 3 kawai. Inda fata ta yi dabbare-dabbare, wurin da ya yi duhu in ɗan haska, wurin da ya yi fau in ɗan rage. Yana cin lokaci, fuska ɗaya takan ɗauke ni minti 40 ko fiye, amma ramukan fata ko ɗaya ba ya taɓuwa. Kuma duk bayan 'yan mintuna ka janye hoton baya ya yi ƙanƙanta. In ka manne a zuƙowa kashi 300 za ka yi ta yaƙi da abin da ba wanda zai taɓa gani.

Wani abu kuma. A na asali akwai tawadar Allah a ƙasan leɓenta. Ina ka kai ta?

Abba, Kano: Na goge, Anti. Na ɗauka tabo ne.

Anti Hauwa, Kaduna: Mayar da ita. Abin da zai tafi da kansa nan da sati biyu, kamar ƙurji ko cizon sauro, cire shi. Abin da aka haife ta da shi ko ya zauna a jikinta, tawadar Allah, wushirya, zanen gado, ba naka ba ne, sai in ita da bakinta ta ce a cire.

Isuhu, Damagaram: Sannunku da aiki. Ni maganar jan leshi zan yi, don ta taɓa cin mini kuɗin albam guda cur. Malam Abba, daga manhajar Lightroom ka buɗe hoton zuwa manhajar Photoshop?

Abba, Kano: Haka ne, Malam Isuhu. Daga nan na yi Save As zuwa JPEG.

Isuhu, Damagaram: To nan take. In ba ka canza saitin ba, Lightroom yana miƙa hoto ga Photoshop cikin ma'aunin launi mai suna ProPhoto RGB. Faɗinsa ya fi na sRGB nesa, shi sRGB kuwa shi ne ma'aunin da yawancin na'urori suka saba da shi. Cikin Photoshop komai daidai za ka gani, don ya san da wane ma'auni zai karanta lambobin. Amma in hoton ya faɗa hannun na'urar da ba ta duba ma'aunin, ko aka yar da bayanin a hanya, sai ta karanta su kamar na sRGB ne. Ja ya mutu, fata ta yi toka-toka ko ta ja zuwa kore. Kamar ka auna hatsi da babbar tiya ne, mai saye ya ƙirga da ƙarama. Maganin: kafin ka ajiye, shiga Edit ka zaɓi Convert to Profile, ka sa sRGB. Mu masu na Faransanci Convertir en profil aka rubuta. Ka kiyayi Assign Profile da ke kusa da shi, wannan suna kawai yake canzawa, lambobin na nan yadda suke, launin ya ƙara lalacewa.

Ka duba kamararka ma. In sunan fayil ya fara da ɗan layi a ƙasa, kamar _DSC a Nikon ko _MG a Canon, to a Adobe RGB take, wani ma'aunin da shi ma ya fi sRGB faɗi. Ga mai aikin biki da ke ba mutane hoto a salula, sRGB ya fi kwanciyar hankali.

Abba, Kano: Na duba yanzu, ProPhoto ne wallahi. Allah ya saka da alheri.

Nura mai wanki: Malam Isuhu ya gama magana. Yawancin injinan da ke wanke hoton biki sRGB suke tsammani. Saura duhu. Abba, hasken sikirinka a nawa yake?

Abba, Kano: A ƙarshe. Shagona yana kallon titi, rana na shigowa, in na rage ba na gani.

Nura mai wanki: Wannan ita ce cutar da ta fi kawo mana rigima da masu hoto. Sikirin fitila ne, haske yake fitarwa. Takarda kuwa sai abin da hasken ɗaki ya ba ta. In sikirinka na ƙarshen haske, hoto mai duhu zai yi maka kyau, ba za ka ga dalilin ƙara masa komai ba. Masu na'urar auna sikirin sukan saita shi tsakanin 80 zuwa 120 a ma'aunin kandela, alhali laftof da yawa a ƙarshensu sun ninka haka. In ba ka da na'urar, sa labule, rage haske zuwa wajen rabi, ka wanke ƙaramin gwaji inci 5 a 7, ka riƙe shi kusa da sikirin da rana, ka yi ta ragewa har su yi kama. Ka bar shi a nan. Kuɗin ƙaramin kati ɗaya ba ya kai asarar babban firem.

Sadiya: Ku yi haƙuri in shigo da nawa. Photoshop ɗina ya ƙi buɗewa, yana cewa scratch disks are full.

Isuhu, Damagaram: Ma'ajiyar na'urarki ce ta cika, 'yar'uwa. Kwashe tsofaffin bukukuwa zuwa ma'ajiyar waje, ki share kwandon shara. In ya ƙi buɗewa har yanzu, riƙe Ctrl da Alt lokacin da yake tashi, zai ba ki damar zaɓar wata ma'ajiyar.

Sadiya: Ya buɗe. Na gode, Malam.

Malam Garba, Zariya: Na karanta duka. Yara kun yi ƙoƙari, amma kowa gyaran ɓarna yake yi, ba wanda ya tambayi inda ɓarnar ta fara. Abba, ango farar babbar riga ya sa?

Abba, Kano: Farar shadda, Baba. Bangon bayansu ma fararen furanni ne.

Malam Garba, Zariya: Na san za a rina. Ma'aunin hasken kamara ba ya sanin fari ko baƙi, duk abin da ya gani yana ƙoƙarin mai da shi toka-toka ne, irin tokar katin da masu hoto ke auna haske da shi, mai mayar da kashi 18 cikin ɗari na haske. In farar riga da fararen furanni suka cika hoton, sai ta ɗauka haske ya yi yawa, ta rage. Rigar ta dawo toka, fuskar amarya ta nutse. Kai kuma ka zo kwamfuta kana jan inuwa sama da ƙarfi, dabbare-dabbare suka fito a kumatu, ka bi su da burushi kana shafewa, har fata ta tafi. Ka ga sarƙar? Tun a zauren ya kamata ka ƙara haske mataki ɗaya, ko ka auna daga fuskarta.

Wannan matsala ta girme ku. Zamanin fim, kamfanin Kodak yana raba wa wuraren wanki wani kati da ake kira Shirley, hoton Baturiya ne, da fatarta ake saita injin tun shekarun 1950. Duk wanda fatarsa ta yi nisa da tata, sai abin da ya samu. Har masu sayar da cakulan da kayan katako suka yi ƙorafi cewa fim ba ya bambanta ruwan ƙasa mai duhu da mai haske a tallansu. Sai a tsakiyar shekarun 1990 aka fitar da kati mai mata uku masu launi daban-daban. Mu da muka yi aiki a lokacin, da fitila da farin kwali muke ramawa, mu haska fuska tun kafin a danna. Har gobe wannan ita ce hanya. Yawancin bidiyoyin da kuke koyo da su ma a kan farar fata aka yi su, lambobin da suke ba ku ba namu ba ne.

RAW ka ɗauka, wato ɗanyen fayil ɗin kamara da ba a sarrafa ba, ko JPEG?

Abba, Kano: Duka biyun, Baba, amma JPEG ɗin na gyara don ya fi sauƙin buɗewa.

Malam Garba, Zariya: Alhamdu lillahi, aikinka bai mutu ba. JPEG mataki 256 kawai yake da shi a kowane launi. RAW mai bit 14 yana da 16,384. Koma kansa ka fara daga farko. Ɗaga hasken gaba ɗaya har fuskar ta zauna daidai, sannan ka dawo da rigar ango ta hanyar rage Highlights, wato wuraren da suka fi haske. Kuma kada ka ɗora ma'aunin fari a kan shaddarsa. Farar shaddarmu tana da shuɗi-shuɗi, balle in an sa mata bula, in ka ce wa kwamfuta wannan ne fari sai ta zuba wa hoton rawaya duka.

Ummi mai kwalliya: Baba Garba a gafarce ni in sa baki, ni ba mai hoto ba ce amma kullum tare muke aiki. Na duba yankin da Abba ya turo. Ƙarƙashin idon ya yi fari fau, wuyan kuma ya fi fuskar duhu sosai. Wannan daga wajenmu ne. Akwai hodar da ake zubawa a ƙarshe mai sinadarin silika, a ido ba a ganinta, amma filasha na dukanta kai tsaye sai ta mayar da haske. Kuma amare da yawa su ke cewa a sa musu fandeshan da ya fi fatarsu haske. Ni yanzu kafin amarya ta fita sai na ɗauke ta da filashar waya a ɗaki mai duhu in gani. Abba, in za ka daidaita, fuskar za ka ɗan sauko da ita wajen wuya da hannu, kada ka ja wuya da hannu su bi fuska. In ka haska hannu, jan lallen zai koma ruwan lemo, kowace mace ta gani za ta gane.

Anti Hauwa, Kaduna: Ummi kin taimaka. Mayafin zaɓen mutum da ke Lightroom tun 2022 yana raba fatar fuska da ta jiki, sai ka gyara kowanne daban.

Ɗanladi, Jos: Duk na yarda da ku a fasaha, amma a koma maganar Hajiya. Ita ta biya kuɗi, ta ce a ƙara haske. Mu 'yan kasuwa ne. In Abba ya tsaya wa'azi, gobe ta kai wa wani wanda zai wanke 'yar tata fes da manhajar waya cikin minti biyu, kuma ta gaya wa ƙawayenta kada su kira shi. Ni abin da mai biya ya ce shi nake yi. Tela ba ya gaya wa mai kaya irin ɗinkin da zai sa.

Anti Hauwa, Kaduna: Ɗanladi, tela ba ya yanke wa mutum kafaɗa don riga ta zauna. Kuma ka lura da abin da Hajiya ta gani: hoton da ya fito da duhu fiye da 'yarta. Tana da gaskiya ta ce a ƙara haske. Sau da yawa in uwa ta faɗi haka, abin da take nufi shi ne fuskar ta fito, a ga ido, a ga murmushi. Wannan daban, canza mata launin fata daban. Na farkon gyaran kuskurenmu ne. Na sha kai wa iyaye hoto mai haske daidai, launin yarinya na nan yadda yake, ba wadda ta sake cewa komai.

Ɗanladi, Jos: Wasu fa Anti fari suke nufi, ba wani abu ba. Har hoton wata suke nuna maka su ce kamar wannan.

Anti Hauwa, Kaduna: Akwai su, ban musa ba. Irin waɗannan nakan tambayi amaryar ita kanta, a gefe. Fuskarta ce. In ta ce tana so, ina ɗan ɗagawa iya inda za a gane ta, in gaya mata gaskiya cewa daga nan ba zan wuce ba. Abin da ke ci mini rai shi ne yarinya baƙa kyakkyawa ta buɗe albam ɗin aurenta ta tarar an sauya ta ba a tambaye ta ba. Me aka gaya mata ke nan?

Malam Garba, Zariya: Ɗanladi, maganar abinci gaskiya ce, ba na raina ta. Amma ni ana kawo mini hotunan da na ɗauka shekara 30 da suka wuce, mai hoton ta rasu, jikoki na so a girmama shi. Abin da suke nema a ciki shi ne kamanninta, wa ya ɗauko hancinta, wa ya ɗauko idonta. Waɗannan manhajojin masu ƙara kaifi ba gyara fuska suke ba, ƙirƙiro wata suke yi daga dubban fuskokin da suka koya. Na ga inda suka cike wa tsohuwa wushirya, suka share mata zane.

Ɗanladi, Jos: A tsohon hoto na yarda, Baba. A na biki dai har yanzu ina ganin mai biya ke da magana.

Abba, Kano: Iyayena ga yadda aka yi. Na koma RAW, na ɗaga haske kamar yadda Baba ya ce, na bi hanyar Anti, na mayar da tawadar Allah, na juya zuwa sRGB, na kai a filas. Na wanke ƙananan gwaji biyu: ɗaya a launinta, ɗaya na ɗan ƙara masa haske kaɗan. Jan leshin ya dawo har duwatsun jikinsa ana gani. Na kai gidan da yamma. Amarya ta ɗauki na farko ta ce shi za a sa a babban firem na ɗakinta. Hajiya ta riƙe na biyun, ta ce a yi mata inci 8 a 10 nata. Yayar ba ta ce komai ba, ta dai ɗauki na farkon a wayarta.

Sai dai da na zuƙo rigar ango na ga wasu layuka masu kalar bakan gizo a kafaɗa, a wurin aikin zare. A na asali ma suna nan.

Isuhu, Damagaram: Saƙar zaren ce ta yi karo da jerin idanun kamara. Cikin Lightroom ɗauki burushin mayafi ka shafa iya wurin, ka ja saitin da ake kira Moiré sannu-sannu har kalar ta ɓace. Kada ya taɓa hula ko fata, yana cin launin abin da ke kusa.

Nura mai wanki: Inci 8 a 10 na Hajiya 2400 a 3000 ne, kuma yankansa ɗaya da na 16 a 20, ba sai ka sake yanka ba. Ka bar ɗan fili a saman ɗaurin amarya, firem yana cin gefe. Ka kai gobe da safe tun da wuta, don su samu ranar Juma'ar.